Halvor Mai Batir da Fiton Shekarar Yaƙi

Halvor Nesset ba ya buɗe ƙofar shagonsa sai ya zagaya ta baya ya gaida injinsa na cajin batir. Haka yake kiran abin, gaisuwa. Zai ɗora tafin hannu a kan ƙarfen ya ji sanyinsa, ya duba mai, ya ja igiya. In injin ya yi tari ya ƙi tashi, sai ya ce masa, "Ni ma ban so tashi ba, amma ga ni." Daga nan ya bi layin baturan da ke jere a kan benci, kowanne da sunan gidan da ya fito an rubuta da farin fenti, yana buɗe murfi yana leƙawa, yana ƙara ruwa ga mai ƙishi. Ba shi da wando ko ɗaya da ruwan batir bai huda ba. Matarsa Ragna ta daɗe da daina yi masa faci. Ta ce ba wando ta aura ba, rariya ta aura.

Ranar Asabar ce ranarsa. Manoman Birkland da kewaye kan shigo gari da kekunan doki da akori-kura, kowa rungume da batirin rediyon gidansa kamar mai ɗauke da jariri, ya ajiye wanda ya mutu ya ɗauki wanda ya cika.

"Halvor, batirin nan naka ko mako bai yi ba ya sume."

"Batirin lafiyarsa ƙalau. 'Ya'yanka mata ne ke jin kiɗa in ka fita gona."

Bana turakun lantarki sun iso yankinmu na Saskatchewan, a ƙasar Kanada, har gonar ƙarshe. Kowa ya sayi rediyon da ake soka wa waya a bango, kuma hannun Halvor ya fara rawa in ya riƙe ƙarfen darma. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Shi ba zai ce komai ba, don haka ya zama dole wani ya ce.

Yaran da ke tasowa ba za su san irin akwatin da muka girma da shi ba. A cikinsa akwai 'yan kwalabe masu kama da ƙwan fitila, an zuƙe iskar cikinsu, kowace da siririn zaren ƙarfe a tsakiya kamar lagwani. Sai zaren nan ya yi ja sannan murya ke fitowa. Batir iri biyu ake haɗa masa: babba mai ruwa, shi ke ɗumama zaren a hankali, da busasshe mai ƙarfin gaske, shi ke turo muryar. Wanda ya yi kuskure ya kai wayar busasshen inda ta mai ruwa take, zai ga haske fau sau ɗaya, kyakkyawa ƙwarai, sannan kwalabensa duka sun ƙone. Kusan babu gidan da hakan bai taɓa faruwa ba. Halvor kan zo, ya duba, ya sauya abin da zai sauya, ya shafa jan fenti a wayar da ke kisa. Bai taɓa tambayar wanda ya haɗa ba. Ya san in ya tambaya, mace za a nuna masa ko ƙaramin yaron gidan.

Ayyukansa irin waɗannan suna da yawa, kuma kowa yana da nasa labarin. Amma akwai guda ɗaya da ya fi sauran nauyi, wanda sai bara aka san cikinsa.

A damina ta 1940, yaƙi ya yi zafi a Turai, samarinmu da yawa suna ƙetaren teku. Da yamma kowane gida kan taru a gaban rediyo don jin labarai. Sai wani fito ya fara shigowa cikin muryar mai karantawa. Ya hau, ya sauka, ya yi tsawo, ya yanke, ya sake hawa. Kullum a lokacin labarai, ba kafin ba, ba bayan ba. Mutane suka lura ya fi ƙarfi a gidajen arewacin gari, kusa da gonar Gottlieb Rausch. Gottlieb kuwa Bajamushe ne, ko da yake ya fi shekara ashirin yana noma a cikinmu.

Lorne Gillespie ne ya fara furtawa, wata Asabar a shagon Halvor. Lorne ba mugun mutum ba ne. Ɗansa na fari yana cikin soja, kuma tun da yaron ya tafi barcinsa ya tafi tare da shi.

"Kowa ya sani, amma kowa ya yi shiru," in ji Lorne. "Dogo, gajere, dogo. Saƙo ne. Wa yake aika wa saƙo daga nan in ba shi ba?"

"Daga nan zuwa Jamus?" in ji Halvor, bai ɗago daga batirin da yake gogewa ba. "Gottlieb da ko kiran shanunsa ba ya iyawa su ji?"

Babu wanda ya yi dariya. Lorne ya ce mako mai zuwa zai shiga birni ya shaida wa 'yan sanda. A lokacin an riga an kwashi Jamusawa daga wasu garuruwa an kai su sansanin tsare mutane. In aka ɗauke Gottlieb alkamarsa na tsaye a gona, gonar ta tafi, iyalinsa kuma sun watse.

Halvor ya san irin fiton. Tsofaffin akwatuna masu kwalba ɗaya, waɗanda shi da kansa ya harhaɗa wa mutane tun shekarun baya, suna da wani makunni na ƙara ƙarfi. In ka murɗa shi daidai, tasha mai nisa ta matso. In ka wuce gona da iri, akwatin ya daina saurare kawai, ya koma kuka da kansa, kukan ya bi eriya ya fita ya shiga rediyon maƙwabta. Gottlieb ba shi da irin wannan akwati. Amma maƙwabciyarsa ta gabas tana da shi.

Washegari da yamma Halvor ya ɗaura dokinsa a ƙofar Baba Paraska, tsohuwar da ta zo daga Ukraniya tun kafin a haifi yawancinmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa. A wancan yaƙin duniya na farko an kama shi don ƙasar da ya fito kawai, aka kai shi sansani, ya dawo yana tari, bai ƙara lafiya ba. Ɗanta tilo, Wasyl, yana cikin sojan Kanada.

"Shigo, ɗana, amma kada ka yi magana," ta ce. "Lokaci ya yi."

Ta zauna gaban akwatin, ta danna abin saurare a kunnuwanta da suka fara nauyi, ta murɗa makunnin har ƙarshensa. Sannan ta kama na neman tasha da hannunta mai karkarwa, tana kai shi tana dawo da shi. Dogo, gajere, dogo. Halvor yana tsaye yana kallon saƙon abokan gaba yana fita daga yatsun tsohuwa.

Da aka gama ta cire abin ta yi ajiyar zuciya.

"Baba, kina gane abin da suke faɗa kuwa?"

"Ina zan gane Turancinsu mai gudu? Ni suna ɗaya nake nema. Ba su ce Wasyl ba, ko?"

"Ba su ce ba."

"To madalla. Zauna ka ci abinci, ka rame kamar sandar shinge."

A nan ne lamarin ya yi wa Halvor tsaye, kuma a nan ne duk mai tunani zai tsaya tare da shi. Gaskiya tana hannunsa cikakkiya. In ya faɗe ta, Gottlieb ya wanku tas. Amma garin da ya tunzura ba ya tsayawa jin bayanin kwalba da eriya. Baƙuwa ce ita ma, mai wani harshe, kuma ko ba a kama ta ba, 'yan sanda za su zo su yi tambaya a gidan da aka taɓa shiga aka fita da maigida. In ya yi shiru, ya kare ta da fatar wani mutum da bai ji ba bai gani ba. Yawancinmu da mun zaɓi ɗaya, mu kwana muna gaya wa kanmu mun yi daidai. Halvor ya ga cewa zaɓin ba nasa ba ne shi kaɗai, tun da ba shi zai biya ba.

Ya tarar da Gottlieb yana gyaran shinge, ya faɗa masa komai.

"Tsohuwar nan?" in ji Gottlieb. "Wadda agwaginta suka cinye mini kabeji bara, ta ce kabejin ne ya shiga hanyarsu?"

"Ita."

"Kuma in na ce ka faɗa, za ka faɗa?"

"Gobe ma kuwa, a gaban kowa."

Gottlieb ya jefar da gudumar. "Kai mugu ne, ɗan Norway. Ka ɗauko kayanka ka ɗora mini a ka."

"Kayan dama a kanka suke, maƙwabci. Na dai ga bai kamata in yanke maka hukunci a bayan idonka ba."

Gottlieb ya daɗe yana kallon hayaƙin da ke tashi daga gidan tsohuwar. "In ta ga 'yan sanda a ƙofarta, zuciyarta za ta tsaya kafin su buɗe baki. Rufe bakinka. Amma ka kashe mini fiton nan, ko in je in jefa akwatin a rijiya da kaina."

Asabar ta gaba Halvor ya ajiye akwatuna biyu a kan bencin shago, tsoho a wannan kusurwa, sabo a waccan. Ya kunna su, ya ce wa Lorne ya murɗa makunnin tsohon da hannunsa. Lorne ya murɗa, fito ya tashi daga sabon. Dogo, gajere, yadda yatsunsa suka motsa.

"Akwai irin wannan akwati a gidaje da dama a yankin nan," in ji Halvor. "Ni na haɗa su. In ana neman mai laifi, ga shi tsaye da hudajjen wando. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in gyara."

"Na wane gida ne ke yi?" in ji Lorne.

"Ba zan faɗa ba."

"Ka sani ke nan."

"Na sani. Ba Gottlieb ba ne. Iyakar abin da za ka samu a wurina ke nan."

Gyaran shi ne a ƙara kwalba ɗaya tsakanin eriya da akwatin, ta zama kamar mai gadin ƙofa: murya ta shigo, kuka kada ya fita. Da ya gyara na Baba Paraska kaɗai, da kowa ya gane. Don haka ya gyara duka. Kwalabe kuwa sun yi wuya a lokacin yaƙi. Da na shago suka ƙare, sai ya buɗe babban rediyon ɗakinsu ya fara cirewa.

"Halvor Nesset, me kake yi wa rediyona?" in ji Ragna.

"Aro nake."

"Ni kuma in ji labarai a ina? A bakin tukunya?"

"Ki je gidan Rausch. Nasu sabo ne."

Ta dube shi, ta gane akwai abin da ba zai faɗa ba. Ta ɗauki saƙarta ta tafi gidan Rausch a ranar da babu mai taka ƙofarsu.

Fito ya mutu. Lorne bai je birni ba. Amma zargi bai mutu tare da fiton ba. Aka koma cewa, "Ai ya daina ne don ya san an gano shi, Halvor kuma yana rufa masa asiri." Da kaka ta zo aka fara gayyar sussuka, gona bayan gona yadda aka saba, sai aka tsallake ta Gottlieb. Babu wanda ya ce ba zai je ba. Kowa dai ya sami uzuri. Gottlieb yana da tsohon injin sussuka, amma inji ba ya ciyar da kansa, hannuwa yake so masu yawa. Damman alkama suna tsaye a fili, sanyi yana matsowa, dusar ƙanƙara in ta sauka a kansu shi ke nan. Abin da 'yan sanda ba su yi ba, shirun maƙwabta ya kusa yi.

Asabar ɗin da ta biyo, waɗanda suka zo shago suka tarar da benci wayam, babu inji, babu batir ko ɗaya. Ragna ce zaune a bakin ƙofa tana saƙa.

"Ina mutumin?"

"Yana gonar Rausch yana koyon noma da tsufansa."

"To baturanmu fa?"

"Suna can su ma. Ya ce iskar wurin ta fi yi musu."

Ya kwashe injin cajin da batura duka ya kai rumbun Gottlieb. Duk mai son jin labarin ɗansa a wannan makon, sai ya bi hanyar arewa ya shiga gidan da ya ƙaurace wa. Kuma Halvor ya san al'adarmu sarai: ranar sussuka, duk wanda tsakar rana ta riska a gidan sai ya zauna ya ci, wanda ya ci kuwa ba ya tafiya sai ya ɗaga dami. Ba a taɓa rubuta wannan ba, ba a kuma taɓa karya ta ba.

Suka zo ɗaya ɗaya, fuska a ɗaure. Kowa ya tambayi batirinsa, sai Halvor ya leƙa ya ce saura kaɗan. Lorne ne ya zo ƙarshe. Bai sauko daga keken dokinsa ba.

"Miƙo mini kayana in tafi."

"Bai cika ba. Sai bayan cin abinci."

"Ƙarya kake."

"Sauko ka duba. Naka na haɗa a ƙarshe."

Gaskiya ya faɗa, don da gangan ya bar shi ƙarshe. Hedwig, matar Gottlieb, ta fito da faranti na nama da dankali, ta tsaya a gefen keken ta ɗaga shi sama da hannu biyu. Maza suna zaune a dogon teburi suna kallo. Lorne ya dubi farantin, ya dubi hanya. Sannan ya sauko.

Ana cikin ci sai ga Baba Paraska da ƙwarya cike da ƙullin fulawa mai dankali a ciki, ba ta san komai ba sai dai ta ji ana sussuka a maƙwabta. Ta dangwarar da ita a gaban Gottlieb.

"Ci, Bajamushe. Amma ba kuɗin kabejinka ba ne, ka ji ko?"

Wannan karon an yi dariya. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka, alkamar Gottlieb tana cikin rumbu, kuma har yau yana gonarsa.

Da labarin ya ƙare a nan da ya yi daɗi, amma bai ƙare ba. Lorne ya ɗaga dami har rana ta faɗi, ya ɗauki batirinsa ya tafi, kuma bai ƙara kiran Gottlieb da sunansa ba. Ɗansa bai dawo daga yaƙi ba. Wasu gidaje sun ci gaba da raɗa shekara da shekaru, Gottlieb yana ji yana wucewa. Baba Paraska ta ga dawowar Wasyl, ta yi tsawon rai, ta rasu bara cikin sanyi ba tare da ta taɓa sanin abin da yatsunta suka kusa jawowa ba. Bayan an binne ta ne Halvor, da yardar Gottlieb, ya faɗa wa Wasyl. Wasyl kuwa ya miƙe a zauren taron gari ya faɗa wa kowa. Lorne bai ji ba. Ya riga tsohuwar rasuwa.

Wannan ne ke cin Halvor har yanzu. Kwanan baya Gottlieb ya zo shago karɓar tsohon batirinsa, aka ji su suna magana.

"Na bar mutum ya shiga kabari yana ƙin wanda bai yi masa komai ba," in ji Halvor. "Ban san ko na yi daidai ba."

"Ni na ce ka yi shiru."

"Ni na kawo maka tambayar."

"To sai mu raba, tsoho. Rabi naka, rabi nawa. Taimaka mini da wannan abin, bayana ba na da ba ne."

Halvor, kai ne ka shigo da duniya ɗakunanmu lokacin da hanya ke rufewa wata da watanni, muka ji ba mu kaɗai ba ne a wannan fili. Kai ne mai gadin ƙofa, irin kwalbar nan taka: ka bar labari ya shigo mana, ka hana kukan wani ya fita ya cuci wani. Babu mai iya ce maka hukuncin da ka yanke ba shi da tabo. Yana da shi, kai ka fi kowa sani. Ka kama gari guda ta kunnuwansa ka ja shi inda ba ya so, kuma akwai mai cewa wannan ma tilas ne da aka sa wa riga. Wataƙila haka ne. Amma ka je ka tambayi wanda zai biya kafin ka yi shiru, kuma da lokacin biya ya zo ba ka koma shago ka bar shi da kayan ba. Ka kwashe abin da kake ci da shi ka kai ƙofarsa.

Mun gode, Halvor Nesset. Mun gode wa Ragna, wadda ta rasa rediyonta har yaƙi ya ƙare. Allah ya ba ku hutu mai daɗi da tsufa mai sauƙi.

Mu da muka rage, wata rana wani abu zai sake tsorata garin nan, kuma za a sake neman sunan da za a ɗora wa. A ranar, ɗayanmu zai san gaskiyar da faɗinta cuta ne, ɓoye ta ma cuta ne. Kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki. Ya ɗaura dokinsa, ko ya tada motarsa, ya je ya tsaya a bakin shingen mutumin da abin zai faɗa wa, ya dube shi ido da ido ya tambaye shi. In amsar ta zo da nauyi, ya tsaya ya kama ɗaya gefen.